Lasifikar Mai Maganin Basir

Da aka ɗora mini shirya taron da tsofaffin ma'aikata za su ja sababbi a jiki a ofishinmu na Illela, na bugi ƙirji na ce ko sisi ba za a kashe ba. Tabarmi na kwaso daga gida, lasifika kuma na aro wurin aminina mai tallar maganin gargajiya. Ya so ya nuna mini yadda ake kunna ta, na ce, "Haba, ni da ke gyara kwamfutar ofis?"

Shugabanmu ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce, "Matasa, abin da yad daɗe yana damuna cikin aikin ga shi na..." Na ji muryarsa ba ta kai baya, sai na danna wani jan maɓalli.

"Basir! Basir mai tsiro!" in ji lasifika. Har 'yan kabu-kabu suka tsaya a bakin titi.

Shugaba ya dube ni. "Mi kaj jawo muna?"

Har yau, duk sabon ma'aikacin da ya zo gaishe ni sai ya rage murya: "Yallaɓai, a taimaka wa kawuna da kwalba guda."