Shekara Mai Burukutu da Bakanike

A wata unguwar Maguzawa da ke bayan dutse akwai wata tsohuwa, Shekara, wadda ta yi suna a dafa burukutu. In ka tambaye ta sirrin abin, sai ta ce ba hannunta ba ne, ba kuma dawa ba ce, ruwan koramarsu ne, garai-garai kamar idon jariri. Da shi take jiƙa dawa, da shi take dahuwa. Ana nan sai wani bakanike, Mantau, ya zo ya kafa gareji a saman koramar. Ya wanke inji a ciki, ya tsiyaye baƙin mai a ciki. Kafin a ankara giyar Shekara ta daina tashi, kumfar ma sai ta fito da wani sheƙi-sheƙi. Masu sha suka fara zamewa, har wani ya ce mata shi jiya da ya yi gyatsa, ji ya yi kamar ya tayar da babur. Wannan magana ta ƙona mata rai. Ta ɗaura zane, ta kai ƙara wurin mai unguwa, aka kira Mantau.

Mantau ya zo da hannu duk maiƙo, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Da aka faɗa masa ƙarar sai ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu a kan giya aka taso ni daga aiki? Ai in ma na ɓata ta, lada na samu."

Shekara ta ce, "Ajiye maganar giya, yaro. Koramar nan ita jikokina ke sha, ita shanun mai unguwa ke sha. Su ma ladan ne?"

Mai unguwa ya gyara zama, don bai san da shanunsa a cikin shari'ar ba.

Mantau ya ga an fara yi masa wani irin kallo, sai ya sauya hanya. Ya ce, "Haba Inna, ai kowa ya san ruwa mai gudu ba ya ƙazanta. Abin da na zuba da safe, kafin azahar ya kai wani gari. Ruwan nan tas yake, ko ni sai in sha."

Shekara ta miƙe. Ta gangara korama, mutane na tsammanin fushi ta yi. Can sai ga ta da ƙwarya cike da ruwa, samansa na walƙiya launi-launi kamar bakan gizo. Ta dire a gabansa ta ce, "Bismilla."

Mantau ya dubi ƙwarya, ya dubi mai unguwa, ya sosa ƙeya. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Wallahi da na sha, Inna. Sai dai yau ina azumin nafila."

Tsohuwa ta shimfiɗa mayafinta a inuwa, ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta jawo faifai ta rufe ƙwaryar kada ƙura ta faɗa. Ta ce, "Allah ya karɓa, ɗana. Ai ba ma sauri. Ma jira ka har lokacin shan ruwa."