Ranar Da Na Yi Wa Mai Girma Kirari Don Randarmu Ta Cika

Jama'a, muryata ta dushe, kuma ba mura ba ce. Yabon manya ne ya ja min.

Asabar ɗin nan na ƙudura miƙe ƙafa a gida, sai ga Zulfa maiɗakina tsaye a kaina. Mahaifiyarta, Inna Yagana, tana hanya daga Maiduguri, ga ba cefane, ga randa wayam. Kwana huɗu 'yan garuwa ba su leƙo layinmu na Fagge ba.

"Malam, in Inna ta nemi ruwan alwala aka rasa, kunyar taka ce, ba tawa ba."

Na ɗare adaidaita sai kasuwar Sabon Gari. Na sayi tattasai da albasa, na tsuguna gaban Madam Keziah mai busasshen kifi muna ja-in-ja, sai ta ce, "Maigida, kana nan kana ƙwaƙular kifi? Na ga tankar ruwa ta shiga unguwarku, har an kafa rumfa."

Wallahi ko gyara ban tsaya karɓa ba.

Bari in fayyace wa baƙi. Muna da famfo a unguwa, sau biyu ana bikin buɗe shi, amma ba rijiya a ƙarƙashinsa. Ranar biki tanka ke cika tankin sama, Mai Girma Sarkin Yankan Zare, Allah ya ja zamaninsa, ya murɗa, a ɗauki hoto. Yana tashi, tankar ta zuƙe ragowar ta bi shi unguwa ta gaba. Tattali ke nan, ai a yaba! To mu ma in kiɗa ya canza, rawa sai ta canza: muddin yana zaune ruwa na zuba, don haka aikin mai jawabin godiya shi ne kada ya bar shi ya tashi.

Ina isa, maƙwabcina Malam Kyari tela ya cafke ni. "Wancan karon ni na yi, yau kai ne. Zulfa ce ta goma sha bakwai a layi."

Ya karɓe ledar cefanen, ya danƙa min lasifika.

Na yi salati. Na gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da direbobinsu. Na ɗauko tarihin ruwa tun daga jirgin Annabi Nuhu. Na saci kallon layi, saura mutum tara. Mai Girma ya duba agogo, nan take na koma kan hularsa, na ce ko ɗinkinta kaɗai ya isa shaida mutumin nan mai tsari ne. Ya gyara zama. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne.

Wani mai baƙin tabarau ya taso zai ƙwace lasifikar, sai Augustine mai gyaran janareta ya kurma ihu, "A bar shi! Gaskiya yake faɗa!" Tafi ya ɓarke. Mata na tafi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da jarka.

Ina cikin yabon kakanninsa da ban taɓa jin sunansu ba, Zulfa ta ɗago hannu: jarka huɗu, cike taf. Ban ma ƙarasa maganar da ke bakina ba na ce wassalamu alaikum.

Mai Girma har da share ƙwalla. Ya ce bai taɓa ganin masoya irinmu ba, don haka wata mai zuwa zai dawo ya sake buɗe mana famfon.

Inna ta iso ta yi alwala a wadace, ta ci tuwo da miyar kifi. Ni kuwa na yi wanka da bokiti guda cur, na baje a tabarma ina kurɓar shayi mai citta, raina fes. Ina ji tana cewa, "Zulfa, ashe ku Kano kun huta da wahalar ruwa." Na ƙara kurɓar shayina.

Alkawari dai mun sha shi har mun ƙoshi, amma wannan na dawowa muna masa addu'a. Wanda ke da hanyar ganin Mai Girma, don Allah ya raɗa masa ya zo da hantsi, mata na so su yi wanki.