Yadda Za Ka Zama Masanin Kasuwar Hatsin Duniya Kana Zaune a Birnin Kudu

Ɗan'uwa, in kana so a riƙa matsa maka a benci, a zuba maka shayi ba ka tambaya ba, dattawa su yi tsit in ka yi gyaran murya, to ga hanya. Ba ta buƙatar boko, ba ta buƙatar fasfo. Na ga aikinta da idona a kan Malam Hambali na Birnin Kudu, a shekarun da kuɗin fetur ya fara kwararowa, dalar gyaɗa ta Kano kuma ta fara ramewa. Ka bi matakan nan, ni na tsaya maka, kafin kaka sunanka ya kai Gwaram.

Mataki na 1: Ka taɓa ganin teku

Sau ɗaya ya isa. Hambali ya taɓa raka wata babbar mota da ta kai gyaɗa Ikko, domin direban yana son mai yi masa hira a hanya. Ya hango jiragen ruwa ta saman katanga, daga nan zazzaɓi ya kwantar da shi har ranar dawowa. Tun daga lokacin ba ya buɗe baki sai da "mu da muka ga bakin ruwa". Wanda bai taɓa wuce Wudil ba, da me zai yi maka musu?

Mataki na 2: Ka sayi rediyo

Ka rataya ta a kafaɗa, ka je teburin mai shayi na bakin tasha. Ba dole ba ne batirinta ya kasance da rai. Ka kara ta a kunne, ka ɗaure fuska, ka girgiza kai a hankali. In an tambaye ka, ka ce Landan ta motsa. Kada ka ce ta motsa zuwa ina. Ka haddace sunayen ƙasashe kaɗan: alkama daga Amurka, shinkafa daga Tailan. In ka rasa ta cewa, ka ɗaga burodin da ke hannunka ka sanar da jama'a cewa wannan ya fi kowa a teburin yawon duniya. Ilimi dai, in ya yi nauyi, ba a fitar da shi gaba ɗaya.

Mataki na 3: Duk abin da wani ya ce, ka ce ba haka ba ne

Nan ne asirin yake. Akwai wani Ɗanbala, mai sikelin sayen gyaɗa, wanda ya sayi sabon babur ja. Wata ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina, ya tsaya yana gaya wa manoma cewa bana Turawa na neman gyaɗa ido rufe, kowa ya cika gonarsa da ita. Hambali ya ga duk wuyan jama'a ya juya wajen babur. Ya ajiye kofi ya ce gyaɗa ta gama yayi. Ya ce ƙasar da ta sami mai a ƙarƙashin ƙasa ba za ta sake waiwayar man da ake matsa a turmi ba. Jiragen da ya gani da idonsa, in ji shi, yanzu a cike suke zuwa da shinkafa da alkama, su koma fayau. Har ya rantse cewa ana nan za a wayi gari Bakano na sayen man girki daga ƙasar waje.

Aka yi dariya, shi ma ya ɗan yi. A lokacin yake ƙirƙirar maganar, yana jin ta a karon farko tare da kowa.

Mataki na 4: Ka shirya, wani zai yarda da kai

Wannan shi ne haɗarin sana'ar. Maganar ta hau motar kasuwa ta sauka Gwaram, ta shiga kunnen Alhaji Sanda, mahaifin Zahara'u matar Hambali, dattijon da in ya shuka abu rabin unguwa sai ta shuka. Ya aiko a tambayi surukinsa ko da gaske yake. Me mutum zai ce wa suruki? Hambali ya aika cewa ai maganar ta ma fi haka. Alhaji ya mayar da gonakinsa dawa da gero, maƙwabta suka bi.

Mataki na 5: Kada ka tambayi kanka ko gaskiya ka faɗa

Hambali ya tambaya, kuma amsar ba ta yi masa daɗi ba. Ya yi ta tunanin babur ɗin nan ja. Mutumin da ya sayi babur da gyaɗa, ya za a yi ya kasa sanin gyaɗa? Sai ya shuka 'yar dawa a bayan gida inda masu wucewa za su gani. Babbar gonar da ya gada wajen mahaifiyarsa kuwa, can Kwandiko inda ba a san rediyonsa ba, ya zuba mata gyaɗa kaf. Zahara'u ta tambaye shi abin da yara za su ci in ba a dace ba. Ya ce mata harkar ƙasa da ƙasa ce, ta bar masa.

Mataki na 6: In maganarka ta tabbata, kada ka nuna mamaki

A shekarar wata cuta ta faɗa wa gyaɗa. Ganye ya ƙanƙance ya yi rawaya, in ka tuge sai saiwa da ƙasa. Ɗanbala ya jingine sikelinsa, dawa kuwa ta yi kyau. Ba Landan ce ta kawo cutar ba, amma wa ke da lokacin bin diddigi? Hambali ya ce gyaɗa ta ƙare, ga shi ta ƙare. Aka fara zuwa daga Yalwan Damai ana tambayarsa makomar riɗi da auduga. Mai shayi ya ware masa kofi nasa na kansa. Yana amsa gaisuwa yana murmushi, alhali rumbunsa ko kaza ta leƙa sai ta yi tsaki. A gida tuwo ya riƙa ƙanƙancewa a kwano, Zahara'u kuma ta riƙa cewa ta ƙoshi.

Mataki na 7: In suruki ya zo, ka durƙusa ka yi shiru

Wata safiya sai ga jakuna a ƙofar gida ɗauke da dawa, Alhaji Sanda na biye da su. Bayan gaisuwa ya ce ya zo godiya ne, domin shawarar Malam ta cika masa rumbuna. Hambali ya fara bayanin jiragen ruwa, sai dattijon ya ambata, kamar ba da wata manufa ba, cewa ya je ta'aziyya Kwandiko da damina, an kuma nuna masa wata gonar gyaɗa.

"Na tsaya na yi wa mai ita addu'a," in ji shi. "Da gani bai taɓa jin nasiharka ba."

Hambali ya kafa wa tabarma ido ya ce, "Allah Ya shirye shi, Baba."

"Amin. To baɗi me za mu shuka? Amma ka faɗa mini wanda za ka faɗa a teburin shayi. Wanda za ka shuka da hannunka, wannan ka riƙe abinka."

Daga bayan zana aka ji Zahara'u ta shaƙe da dariya, ta mayar da ita tari.

A kula: mai wannan rubutu bai taɓa noma ko kunya ɗaya ba, kuma ba shi da hannu a duk abin da ya sami gonarka, ko rumbunka, ko fuskarka a gaban matarka. In ka bi matakan nan aka yarda da kai, tsakaninka da jama'a ne. In kuma kai ka ƙi yarda da kanka, to tun kafin shuka ka bincika ko surukinka na da jakuna.