Faifan Kirsimetin Kurciya Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai ƙanshin man goge baki har yanzu, Maman Kurciya ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar faifanta na waƙoƙin Kirsimeti, wanda ya cika ranar Talata da hantsi bayan haɗarin da ya same shi a bahon wanke-wanke.

Marigayin ba ɗan kowa ba ne. Baban Kurciya ne ya sayo shi a bakin titi, makon da ya ajiye iyalinsa a wannan ɗaki na bene ya koma wurin aikinsa mai nisa. Babu hoto a jikinsa, babu sunan mawaƙiya. Mace ɗaya ce tana kaɗa jita, tana rera tsofaffin waƙoƙin haihuwar Almasihu a hankali, kamar mai gudun tada jariri.

Mai haƙuri ne. Bai taɓa cewa lokacinsa bai yi ba. Ya yi Kirsimeti a Afrilu, ya yi a Agusta. Kafin ya fara yakan yi "sirrr, ƙis," kamar dattijo na gyaran murya. Yana nan in Maman Kurciya na guga, yana nan in tana cin abinci a tsaye a bakin taga. Sau da yawa muryarsa ce kaɗai muryar babba da ke shiga ɗakin a yini guda.

Amma babban alherinsa ga yarinyar ya yi shi. Kurciya ta kusa shekara uku ba ta fara magana ba. Likita ya ce a yi haƙuri, surukai kuwa sun faɗi abin da suka faɗa. Sai dai in waƙar makiyayan da suka je ganin jariri Almasihu ta zo, yarinyar takan yar da abin da ke hannunta, ta manna kumatu a jikin rediyo, ta bi da "uu, uu," kamar kukan kurciya. A nan ta samo sunanta.

Ga yadda ajali ya zo. Kurciya ta ga uwarta na goge tukwane har suna ƙyalli, sai ta ɗauko faifan ta yi masa irin wannan gata da soson ƙarfe. Ta kawo shi da kumfa tana murmushi. Don haka uwar ke roƙon masu ta'aziyya, kada wanda ya harari yarinyar nan ko ya tambaye ta me ta yi. Wanka ta yi masa.

An yi jinya bakin gwargwado. An shafa masa man goge baki, an hura masa iska, an goge da gefen zane. Mai gyaran rediyo na ƙasan bene ya ɗaga shi ga haske, ya ce sai dai addu'a. Maganarsa ta ƙarshe ita ce "ta-ta-ta-ta," sannan ya yi shiru. Masu cewa a sauke waƙoƙin a waya, an gode, an gwada. Na wayar duk ganguna ne da taron jama'a, Kurciya toshe kunne take yi.

Ya bar rediyo, wanda yanzu bai iya komai ba sai labarai. Ya bar maigida, wanda ya ce a waya zai duba wani faifan in ya dawo, bai ce yaushe ba. Ya bar yarinya da ke danna maɓalli ta tsaya tana jira.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Ba za a jefa shi a shara ba. Za a naɗe shi a hular jariri, a sa shi a akwatin ƙarƙashin gado. Zaman makoki a ɗakin ƙarshe na saman bene. Kada a kawo komai. Maman Kurciya ta fara rera waƙar makiyayan da kanta, amma farkonta kawai ta sani. Jiya yarinyar ta tsura wa bakinta ido har inda ta tsaya. Duk wadda ta san sauran, don Allah ta zo ta koya mata. A ƙwanƙwasa a hankali, suna ciki.