Rasuwar Boga, Allon da Ya Mayar da Yayin Biki Jan Makoki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon baƙin gilashi, ni Suraj Seini, mai haɗa katin aure da na suna a zauren gidanmu da ke Zangon Kumasi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar allon kwamfutata, wanda unguwa ta sani da suna Boga. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinsa, a gaban shaidu, bayan doguwar jinya da ya ɓoye mana.

An haifi marigayi a wata ƙasa mai sanyi da ba mu san sunanta ba. Ya yi wa Turawa aiki a ofis har suka gaji da shi, sannan ya hau jirgin ruwa ya sauka Tema a kwantena ɗaya da tsofaffin firji da tayoyi. Shi ya sa muka sa masa Boga, yadda Kumasi ke kiran duk wanda ya dawo daga Turai. Amma shi bai dawo da sarƙar wuya ba, bai dawo da girman kai ba. Tabo ya zo da shi a kafaɗar hagu, da wata 'yar takarda manne a bayansa wadda har ya mutu ba a samu mai karanta ta ba.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da haƙuri. Ya sha hayaƙin murhun mahaifiyata, Mma Mamuna mai wake da shinkafa, kowace safiya, bai taɓa tari ba. An ɗauke wuta yana tsakiyar aiki sau ba iyaka, in an dawo da ita sai ya ce "tik", ya buɗe ido kamar ba a yi masa komai ba. Magana ba ta dame shi ba. "Tik" ɗin nan da safe, da wani siririn "ziii" idan ya ɗau zafi, su ne duk abin da muka taɓa ji daga bakinsa.

Babban alherinsa a kaina yake. Na bar makaranta ban gama ba, domin benci yana cizona. An kai ni wajen tela, na gudu kafin in iya ɗinka aljihu. Na yi gyaran waya, na yi tuƙin keke mai ƙafa uku, na bi wani mai sayar da takalma zuwa Techiman na dawo ba shi ba takalman. Mma ta kai ga cewa ƙila ƙaya aka dasa mini a ƙafa. Boga ne kaɗai ya taɓa zaunar da ni. A gabansa na koyi yadda ake cire mutum daga hoto a sa shi gaban furanni, da yadda ake rage wa ango tumbi ba tare da ya gane ba. Sai in zauna tun safe har kiran azahar ban motsa ba, Mma tana leƙowa ta ga ko lafiya.

Ciwon ajalinsa ya shigo a hankali. Jan launi ne ya riƙa guje masa kaɗan-kaɗan, komai yana komawa kore-kore. Wanda yake kallon fuska ɗaya kullum ba ya ganin tana ramewa, ni ma ban gani ba. In hoto ya yi mini sanyi, sai in ƙara masa ja har ya yi daidai a idona, in ce kyamarorin zamani ne ba su da kirki.

Ana haka Hajiya Lariba, magajiyar ƙungiyar matan unguwarmu, mai rumfar yadi a kasuwar Kejetia, ta ba ni aikin katin auren 'yar ƙanwarta Latifatu. Ta kawo ƙyallen yayi, yadin da duk matan biki za su ɗinka iri ɗaya, ruwan goro mai kyau. Ta ce in sa hotonsa ya zagaye fuskar amarya, domin matan Accra da Tamale da Yamai su ga launin su nemi mayafin da zai shiga da shi. Na ɗauki hoton ƙyallen, na ɗora wa Boga, sai na ga ya kwanta kamar miyar kuka. Na riƙe ƙyallen a gefen gilashi ina ƙara ja, ina ƙarawa, har suka zama uwa ɗaya uba ɗaya. Da na tura katin zuwa wayata sai ta nuna mini jawur. Na dubi wayar, fuskarta duk tsaga, na dubi Boga da girmansa da shekarunsa, na ce wayar ce maƙaryaciya. Na aika wa Hajiya, ita kuwa tana cikin ciniki ta watsa shi ba ta tsaya dubawa ba.

Ranar Talatar nan ta shigo zaure ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Suraj, ɗan Mamuna, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Hajiya."

"To me ya sa Asantawan layinmu ke zuwa rumfata suna ce mini due, due? Ta'aziyya suke yi mini! Wata har da kuka, wai yarinya ƙarama haka. Ka sa mini 'ya a tsakiyar ja kamar takardar makokinsu. Ka zaci mutane karanta kati suke yi? Launi suke gani!"

Ba a nan ta tsaya ba. Ta ce matan nesa sun riga sun sayi jajayen mayafai, wasu har da takalmi da jaka.

Na ce ta zo ta gani da idonta. Na juyo mata Boga, na ɗora ƙyallen a gefensa: ruwan goro, ba ragi ba ƙari. Ta ɗora wayarta a ɗaya gefen: ja kamar an yanka rago. Ta sa aka karɓo wayar Mma, da ta masu haya, har da ta wani da ya zo sayen abinci. Duk ja. Boga shi kaɗai a gefe guda, duniya a gefe guda. Na ɗan buga masa kafaɗa yadda na saba in ya yi nauyi. Ya yi kore shar, ya ja "ziii" mai tsawo wanda ban taɓa jin irinsa ba, wani farin layi ya ratsa fuskar amarya, sai "fat". Shi ke nan.

Hajiya ta ce, "Gara shi, ya san kunya."

Marigayi ya bar akwatin kwamfuta, abokiyar zamansa, wadda har yanzu fankarta ke juyawa ba ta san an yi rasuwa ba. Ya bar allon rubutu da harafi biyu suka goge, da linzami mai ɗingishi, da tagwayen lasifika. Ya bar ni. Ya kuma bar wani aiki da bai gama ba: babban ƙyallen hoton amarya, zagaye da yayin, da za a rataya a filin biki ranar Lahadi. Hajiya ta ce in ya fito ruwan goro, ta yafe. In ya fito wani abu dabam, daga Zango har Asokore Mampong ba macen da za ta sake kawo mini ko katin sunan kyanwa, kuma kowa ya san in ta faɗa ta cika.

Da yammacin ranar ƙanin Mma, Kawu Iddi, mai gyaran manyan motoci a Suame, ya zo gaisuwa riƙe da leda. Rigar aiki ce a ciki, shuɗiya, duk baƙin mai. Ya rataye ta a ƙusar bayan ƙofata.

"Mota in ta lalace ƙara take yi kowa ya ji," in ji shi. "Ba ta yi maka murmushi tana kashe ka. Litinin da safe ina da gurbi a ƙarƙashin wata tifa."

Mma ta dubi rigar, ta dube ni, ta koma wajen murhunta.

Game da magaji, iyalai sun sha wahala. Na je shagunan Adum na ga sababbin alluna a kwali, sirara, masu kyau kamar 'ya'yan masu kuɗi. Da aka faɗi farashi na gane ragon layya ake nufi, na yi godiya na fito. Wani maƙwabci ya ce in jona talabijin ɗinsu, muka gwada, rubutu ya yi gashi-gashi, fuskar amarya ta yi faɗin faranti. Daga ƙarshe na sayar da tagwayen lasifika, Allah ya haɗa su da mai riƙo na gari, na nufi kasuwar Race Course wajen Fataw mai kayan kwantena, ƙyallen yayi a aljihuna.

Fataw ya jawo wani mai faɗi, baƙi, yana sheƙi.

"Maigida, wannan ko jirgin sama ka tuƙa da shi. Jiya ya sauka."

Na sa aka buɗe hoton ƙyallen na asali, wanda ban taɓa ba, na fito da ƙyallen na kara a gilashi.

"Kai tela ne ko mai kwamfuta?"

"Maraya ne," na ce masa.

Mai faɗin ya mayar da goro ruwan lemo, in ka ɗan karkata kai kuma ya zama ƙasa-ƙasa. Na biyu launinsa ba laifi, amma kafin mu gama ciniki bayansa ya yi zafin da za a soya ƙwai, na tuna "ziii" na ce a kashe. Na tsugunna ɗaura igiyar takalmi sai na hango wani a ƙarƙashin tebur, ƙarami, mai kauri, ba shi da ƙafa. Fataw ya ce wannan ko kyauta mutane ba sa so. Aka jona. Na kara ƙyallen. Na duba daga dama, na duba daga hagu, na fitar da shi bakin ƙofa inda rana take, na kira wata mai sayar da ruwa na ce ta faɗa mini launin da take gani. Ta ce goro, ƙyallen da gilashin duka.

Kyautar Fataw ta cinye kuɗin lasifika har da na mota. Ya kuma ce, "In ka tsallake ƙofar nan ban san ka ba, ban san shi ba." A ka na ɗauko shi har gida.

Yanzu yana kan teburin marigayi, jingine da bulo biyu. Ban sa masa suna ba tukuna. Na gama hoton da shi, na zaga gida ina gwadawa a wayar duk wanda ya yarda, na kai wa masu bugawa a Asafo. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Boga ma da gaskiya ya fara. Kuma tunda idona ya yarda da kore shekara guda yana ce masa fari, ban san ranar da zan sake yarda da shi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a tsakar gidanmu. Ba wanka, ba salla, limamin unguwa ya riga ya ja mini kunne. A wannan lokacin ne hoton zai iso daga Asafo, Hajiya Lariba za ta warware shi da hannunta a gaban jama'a. Matan da suka sayi jan mayafi, muna roƙonku ku yafo shi ku zo, ga inda zai yi amfani. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗauki gawa da zarar Hajiya ta yi magana. Na ce masa ya zo da babban baro, domin in hoton bai fito ruwan goro ba, akwatin da linzamin da teburin duk za su bi marigayi, ni kuma in sauke rigar da ke bayan ƙofa.