Cif Ja-Numfashi a Gindin Mangwaro

Duk faɗin Oke-Ado, kai har Ibadan gaba ɗayanta, babu mai kwanciyar hankali kamar Cif Olubosun Fadairo, shugaban masu gidaje na layinmu. Shi da kansa ya sanar da mu haka, ta lasifika. Kwana biyu ya yi a wani taron bita a Legas kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ya dawo da usur, da takardar shaida mai faɗin taga, da ilimin da likitoci ke ɓata shekara bakwai suna nema. Muka raɗa masa Cif Ja-Numfashi, domin ko gaishe shi ka yi sai ya ce ka ja numfashi tukuna.

Bawan Allah bai yi rowar ilimin ba. Ƙarfe shida na safe yake busa usur, kowa ya fito ƙofar gida ya yi murmushi na minti uku, shi kuma ya bi layi yana duba haƙora. Ranar da Mama Sikira mai amala, tuwon garin doya, ta yi rabin murmushi saboda ciwon haƙori, tsayawa ya yi a kanta yana daka mata tsawa ta saki ranta. Da azahar akwai sa'ar shiru, wadda yake cikewa da jawabi kan amfanin shiru.

Duk mun jure, har ya iso gindin mangwaro. A nan ake buga ayo, wani wasa irin dara, kullum da la'asar, a katako mai rami goma sha biyu, kuma kowa ya san rabin wasan a baki yake. Wanda aka cinye sai ya sha tsiya, a tambaye shi ko wurin awaki ya koyi ƙirga. Sarkin tsiyar shi ne Baba Raufu, tsohon direban jirgin ƙasa. Tun da matarsa ta rasu bara, nan kaɗai yake fita. 'Yarsa Morenike ta sha gaya mana cewa ran da ya yi wa wani tsiya yakan share amalarsa tas, ran da ruwan sama ya hana wasa kuwa ko loma ba ya kaiwa baki.

Cif ya gyara babbar riga ya ce, “Jama'a, kimiyya ta tabbatar tsokana guba ce ga ƙwaƙwalwa. Daga yau wanda ya ci wasa zai kama hannun abokinsa, ya dube shi ido cikin ido, ya ce, ‘Na ga ƙoƙarinka.’ 'Yan kallo su tafa sau biyu, a hankali.”

Cikin mako guda wurin ya koma kamar layin ganin likita. A mako na biyu Baba Raufu ya daina fitowa. Yana zaune gaban keken ɗinkin marigayiya, abinci na hucewa a gefensa. Gaskiya mun tsorata. Morenike ta je ta durƙusa wa Cif, ta roƙe shi ya janye dokar. Ya ce ta sa mahaifinta ya rungumi matashin kai kowace safiya ya gode masa.

Sai Cif ya ga ya kamata duniya ta ga yadda wayayye ke cin wasa ba tare da cin fuska ba. Ya sa aka jera kujeru ranar Asabar, ya kira mai ɗaukar hoto. Da aka zo batun abokin karawa, tausayinsa ya kai shi ga tsohon da ya kwana goma bai ci abin kirki ba. Aka riƙo Baba Raufu aka zaunar da shi, wuya ya rame.

Wasan farko Baba ya kwashe komai. Cif ya ja numfashi. Na biyu ma haka, ya ja biyu. A na uku ya ce katakon a karkace yake, aka juya masa shi. A na biyar gumi ya jiƙa masa hula, ya ɗaga hannuwa sama zai ja babban numfashin da ya koyo a Legas, sai 'ya'yan ayo tara da ya ɓoye suka zubo daga hannun rigarsa.

Muka tafa sau biyu, a hankali.

Baba Raufu ya miƙa hannu ya kama na Cif, ya dube shi ido cikin ido.

“Na ga ƙoƙarinka, Cif. Kowa ma ya gani, ga shi can kaji na bi. Ni shekara talatin ina jan jirgi, ban taɓa ganin tarago mai ɗaukar kaya kamar rigarka ba.”

Mama Sikira ce ta fara ƙyalƙyala dariya, da ciwon haƙorinta da komai. Mai kwanciyar hankalin Ibadan ya kifar da katako, ya zagi kakannin mai mangwaron, ya bi mai hoto da gudu yana busa usur. Ranar Baba Raufu ya ci amala malmala uku, yana ci yana kwaikwayon numfashin.

Da Litinin muka ga ƙyalle a bakin layi, an rubuta cewa Cif Fadairo ya warkar da Baba Raufu a zama ɗaya. Ba wanda ya musa, tunda gaskiya ce. Morenike ma ta je godiya, ta durƙusa gaban mutane, ta roƙe shi ya riƙa zuwa duk Asabar da rigar nan, kada ciwon ya dawo.