Rasuwar Memorin da Ya Riƙe Muryar Nna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da bai bushe ba tukuna, ni Rashidatu mai ɗinki ta Bosso nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu kawo min ɗinki rasuwar memorin wayata, mai giga takwas, wanda ya cika ranar Talatar da ta wuce a cikin wannan shekara ta 2012, bayan gajeriyar jinya a hannun dangi.

Marigayin ɗan ƙanƙani ne, bai kai farcen ɗan yatsana ba, amma ban taɓa ɗora masa kaya ya ce sun yi nauyi ba. Ya riƙe min hotunan salon ɗinki, ya riƙe waƙoƙin da nake taka keke da su, ya riƙe hoton wata da ta karɓi leshinta ta ce ba ita ba ce. Ba ya gulma. Abin da ka ba shi ajiya, shi zai mayar maka.

Babbar amanar da ya riƙe kuwa ita ce muryar mahaifiyarmu, wadda muke kira Nna. A ciwonta na ƙarshe ta gane ba za ta ga auren autarmu Kafayatu ba, sai ta sa na kara mata waya a baki. Ta yi wa Kafayatu addu'a da nasiha da Nufanci, ta rera mata waƙar rakiyar amarya da aka yi mata a Bida. Ta kafa min sharaɗi: kada in tura wa kowa, kada kuma Kafayatu ta ji sai ranar da za a kai ta ɗakinta. Na cika sharaɗin, shi ya sa babu kwafi a ko'ina.

Har yanzu ina jin yadda saƙon yake farawa. Tari biyu, sai ƙarar injin niƙan maƙwabta, sai ta ce, "Rashida, abin ya fara ɗauka?" Sai dariya. Wallahi dariyar nan ta fi komai yi min ciwo.

Ga yadda ciwon ajalin ya zo. Da biki ya matso, yayan Nna, Kawu Ndatsu, ya zo daga Wushishi. A gidanmu babba ne ke fara jin maganar mamaci, wannan ba a gardama a kai. Na miƙa masa wayata, ya ture ta.

"Rashida, ƙanwata ce. Ba zan saurare ta a wayar da ake shafawa kamar ana lallashin mage ba. Ciro abin ki sa a tawa, tawa ta fi murya."

Wayar Kawu ta girmi wasu 'ya'yansa, da roba aka ɗaure bayanta. Memorin ya shiga raminta daidai, kamar don ita aka yi shi, shi ne abin da ya yaudare mu. Amma wayar ta ce babu komai a ciki. Kawu ya ce hannuna ne bai iya sawa ba, in bar masa, in je in ji da masu girki.

Shi kuma, Allah Ya sani, gyara ya yi niyya. Ya hau keke ya kai wa masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa, ya ce memori ya ƙi magana. Suka ce sai an wanke shi. Ya ɗauka wankin datti ne, irin wanda ake yi wa kan rediyo, ya ce a wanke da kyau. Suka share shi tas a kwamfuta, suka cika shi maƙil da wa'azi don dattijo ya ji daɗi. Ya dawo yana murmushi, ya ce har ƙari aka yi min. Ko wa'azin ma wayarsa ba ta karanta ba.

Na garzaya da marigayin da wayar Kawu wurin Andrawus mai gyaran waya. Ya duba, ya daɗe bai ɗago ba.

"Anti, memori ba ya da laifi, waya ma ba ya da laifi," in ji shi. "Lokacin da aka yi wayan Baba, giga biyu ne babba, iyakan lissafinsa ke nan. Manyan memori na yanzu, yadda aka jera ɗakunan ciki daban ne. Sabon waya ya san tsohon jeri da sabo. Tsohon waya, nasa kawai ya sani. Rami ɗaya ne, amma ba su san juna ba. Da sharewa kawai aka yi, da na gwada. Amma an rubuta wani abu a kai."

Ban yi kuka a shagon ba, sai da na hau hanya.

Marigayin ya rasu ya bar wayata, wadda ke raye amma ba ta da abin faɗa. Ya bar abin sauraro mai kunne ɗaya. Ya bar Kawu Ndatsu, wanda tun da ya fahimci abin da aka wanke bai ci abincin kirki ba, yana zaune a zaure yana juya wayarsa. Ina roƙon masu zuwa gaisuwa kada kowa ya ɗaga masa murya. Shi ma bai ji ƙanwarsa ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar a gidanmu da ke Bosso. Za a naɗe shi a ƙyallen ɗankwalin Nna, a sa shi a ƙasan akwatinta, don ba zan iya sauraron wa'azin da ke kwance a kan muryarta ba, ba zan kuma iya jefar da shi ba. Ba a buƙatar kowa ya kawo sabon memori. Tsofaffin matan Bida da suka san waƙar rakiya su zo da wuri, akwai baitocin da suka kuɓuce min.

Kafayatu, da wannan sanarwa nake gaya miki, don na tsaya a ƙofar ɗakinki bakina ya ƙi buɗewa. Ranar Asabar da za a kai ki gidan miji, ni zan faɗa miki abin da Nna ta ce, iya wanda na riƙe, da muryar da ba tata ba. Farkon nasihar dai ban manta ba. Ta kira sunanki, ta ce ki daina kuka.